Daga ƙwarya zuwa tsirkiya: Yadda ake koyon goge, kukuma da garaya a birnin Kano

A cikin ganuwar Kano, daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Wambai, da wuya mako ya wuce ba a yi biki ba. Sai dai wanda ya saurara da kyau zai lura cewa sautin da ke fitowa daga lasifika yawanci na fiyano ne, wanda aka haɗa a ɗakunan naɗar waƙa na Titin Gidan Zoo. Goge da kukuma da garaya da gurmi, waɗanda a da su ne ke riƙe da hirar dare da dandali, sun koma gefe. Ba su mutu ba, amma hannayen da suka iya su suna raguwa.

Wannan ya sa tambayar yadda ake koyon waɗannan kayan kiɗa ta wuce batun nishaɗi. Shin ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da bai gaji kiɗa ba zai iya koya da girmansa? Wanda kuma ya iya ɗaya, me ke jiransa idan ya ɗauki na biyu? Amsar tana cikin tsarin da makaɗan Hausa suka daɗe suna bi, wanda a cikinsa kunne ne ke fara koyo kafin hannu, kuma ba a barin mai koyo shi kaɗai.

Dangi ɗaya, hali daban-daban

Kayan kiɗan tsirkiya na Hausa sun kasu gida biyu: waɗanda ake gogawa da waɗanda ake kaɗawa da yatsa ko da wani ɗan abu mai tauri.

A gidan farko akwai goge da ƙanwarsa kukuma. Ana yin goge da ƙwarya da aka rufe bakinta da fatar guza, a soka mata sanda, sannan a ɗaura tsirkiya ɗaya ta izgar doki wadda ke hawa kan wani ɗan icce da ake kira jaki. Abin gogawar ɗan baka ne, shi ma mai izga. Kukuma ta fi goge ƙanƙanta, muryarta ta fi siriri. Ibrahim Na Habu na cikin waɗanda suka fito da ita fili, sannan irin su Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka shigar da ita gidajen jama'a ta hanyar rediyo da kaset. A ɓangaren goge kuwa, sunayen Garba Liyo da Audu Yaron Goge ba baƙi ba ne ga masu sauraron kiɗan da.

A gida na biyu akwai garaya mai tsirkiya biyu, wadda aka sani da kiɗan maharba, da molo mai tsirkiya uku, da gurmi wanda ya daɗe yana tare da 'yan kokawa, kuma marigayi Haruna Uji ya yi suna da shi. Ƙaramin cikinsu shi ne kuntigi, mai tsirkiya ɗaya tak, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Da wannan ɗan abu Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya kuma rasu a watan Yunin 2015, ya zaga duniya.

Masana sun yi aiki a kan waɗannan kaya. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, yayin da Jacqueline DjeDje ta wallafa littafi a 2008 kan goge a tsakanin Fulani da Hausawa da Dagomba na ƙasar Ghana. Amma littafi na iya faɗin sunan kowane sashe na goge, ba zai iya koya wa yatsa inda zai tsaya ba. Wannan sai a gaban gwani.

Ba da tsirkiya ake farawa ba

Kuskuren da mafi yawan masu sha'awa ke yi shi ne gaggawar mallakar abin kiɗan. A tsarin gargajiya, yaron makaɗi kan daɗe bai taɓa tsirkiya ba. Aikinsa na farko ɗaukar kaya ne da shimfiɗa tabarma da zama kusa. Ana ganin kamar bauta ce, alhali makaranta ce, domin a wannan zaman ne kunnensa ke haddace take da karin kowace waƙa.

Daga nan sai ya shiga cikin 'yan amshi. Amshi yana koya masa abu biyu: inda jagora ke ajiye numfashi, da inda ya kamata a shigo. Mataki na gaba shi ne kayan rakiya. Mai goge yana tafiya da masu kiɗan ƙwarya, mai garaya yana tafiya da masu caki, mai kukuma kuma sau da yawa da kalangu ko ƙwarya. A nan ne ake gane wanda zai yi nisa. Wanda ya kasa riƙe bugu ɗaya na tsawon waƙa ba tare da ya yi sauri ko ya ja baya ba, ba shi da abin da zai ɗora tsirkiya a kai.

Sai bayan wannan duka ubangida zai miƙa masa abin kiɗan, sau da yawa tsoho wanda aka ajiye. Ba a ba shi takarda, ba a zana masa alama. Ubangida zai kaɗa ɗan gajeren take, yaro ya maimaita, a gyara masa, ya sake. Yawancin waƙoƙin an gina su ne a kan sautuka biyar, don haka ba yawan sautin ne wahalar ba. Wahalar tana wajen yadda ake zamewa daga wannan sauti zuwa wancan.

Dalilin haka yana cikin harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗowa, ga kuma dogon wasali da gajere. Gwanin goge ba waƙa kawai yake rakawa ba, magana yake yi da tsirkiya. Idan ya goga taken wani, masu sauraro kan ji kirarin a cikin sautin tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Wanda bai haddace kalmomin ba, ko da yatsunsa sun faɗa daidai, za a ji kiɗansa ba ya cewa komai. Shi ya sa tsofaffin makaɗa ke sa mai koyo ya rera abin da bakinsa tukuna, sannan ya neme shi a jikin tsirkiya.

Sauya hannu daga wannan zuwa wancan

A ƙungiyar masu kiɗa don sha'awa, da wuya mutum ya tsaya a kan abu ɗaya. Yau mai ƙwarya bai zo ba, gobe mai garaya ya yi tafiya, dole wani ya cike gurbin. A nan ne ake gane cewa iya ɗaya ba iya duka ba ne.

Wanda ya tashi daga garaya zuwa gurmi ko molo bai yi nisa da gida ba. Hannun hagu yana danne tsirkiya a jikin sanda kamar yadda ya saba, kuma dukkansu ba su da alamar da ke nuna inda yatsa zai sauka. Abin da zai sake koyo shi ne hannun dama. Mai garaya ya saba kaɗawa da guntun busasshiyar fata mai tauri, wadda ke ba da sauti mai kaifi, alhali gurmi yana son yatsu tsirara. Makonnin farko sautinsa zai fito a daskare, fatar yatsunsa kuma za ta yi zafi kafin ta yi kanta.

Babban tsallake shi ne daga kaɗawa zuwa gogawa. A garaya, da zarar an kaɗa, sautin ya fita, ya kuma mutu da kansa. A goge da kukuma, sautin yana raye ne muddin bakan yana tafiya, kuma nauyin hannu da saurinsa ne ke ƙayyade ko zai fito da daɗi ko zai yi ƙara kamar tsohon ƙyaure. Hannun hagu ma ya sauya aiki, domin a goge ba a danne tsirkiya har ta taɓa sanda. Yatsu suna taɓa ta ne a sarari, don haka mai garaya da ya saba matsewa sai ya koyi sassautawa. Wanda ya taɓa koyon tuƙin mota bayan shekaru a kan babur zai fahimci lamarin: hanya ɗaya ce, amma jiki sai ya mance wani sabo kafin ya karɓi wani.

Wanda ya zo daga goge zuwa kukuma kuma yana da tasa matsalar. Tsirkiyar ta fi gajarta, don haka tazarar da ke tsakanin sautuka ta matse. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba yana fitowa fili. Kuntigi kuwa yaudara gare shi. Ganin ƙanƙantarsa kan sa a raina shi, amma da yake tsirkiyarsa ɗaya ce kuma sautinta ba ya daɗewa, dole hannun dama ya yi ta aiki ba hutu, mai kiɗan kuma yana waƙa a lokaci guda.

Akwai wata hikima da ta dace da duk mai sauya abin kiɗa: ya fara da waƙar da ya riga ya iya. Idan kunne ya san inda za a je, hannu ne kaɗai ke da sabon aiki. Wanda ya haɗa sabon kiɗa da sabuwar waƙa ya ɗora wa kansa kaya biyu. Haka nan ɗan lokaci kaɗan kullum, bayan an taso daga kasuwa ko ofis, ya fi yini guda a ƙarshen wata, domin hannu da maimaici yake koyo. Sannu ba ta hana zuwa.

Su ma abokan kiɗa suna da nasu nauyin. Wanda ya ƙware a garaya, ranar da ya ɗauki kukuma ya koma ɗan koyo, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijon da ake girmamawa a unguwa. Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan rage gudun kiɗa dominsa, ta ba shi take mai sauƙi ya riƙa maimaitawa a ƙasa yayin da gwani ke yin ado a sama. Ta haka yana cikin kiɗan tun ranar farko, kurakuransa kuma ba su ɓata wa kowa rai ba.

Kayan da ke jin yanayi

Fiyano ba ruwansa da damina ko rani. Kayan tsirkiya na gargajiya kuwa daga icce da fata da gashi aka yi su, don haka suna sauyawa da iska. Da damina fata kan sha laima ta saki, sautin ya dushe, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta kusa da wuta a hankali. Da hunturu kuma takan ɗaure ƙwarai, wani lokaci har ta tsage, ƙwarya ma na iya fashewa idan ta faɗi. Izga tana buƙatar a goga mata ƙaro kafin ta kama, kuma maiƙon hannu na lalata ta. Ba su da kunnuwan murɗawa irin na jita, don haka ana gyara sauti ne ta hanyar matsa ɗaurin fatar da ke riƙe tsirkiya a jikin sanda, ko a ɗan gusa jaki.

Saboda haka koyon kiɗan bai rabu da koyon gyara ba. A al'ada, makaɗi da yawa shi ke haɗa abin kiɗansa da hannunsa. An ruwaito cewa Ɗanmaraya ma da kansa ya haɗa kuntiginsa na farko tun yana yaro, bayan ya ga masu kiɗa a wata tafiya da ya yi Maiduguri. A wannan fanni birnin Kano ya yi sa'a. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har yau tana da masu sayar da ƙorai da kayan fata, kuma majema da dukawan cikin birni ba su bar sana'arsu ba. Zamani ma ya shigo da nasa, domin a yau zaren kamun kifi ya maye gurbin jijiya da fata a jikin tsirkiyar gurmi da garaya da yawa. Ya fi ƙarko, ya fi sauƙin samu, ko da yake masu tsohon kunne kan ce muryar ba ɗaya ba ce.

Kunya da matsayin makaɗi

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci, abin da ya fi wuya sau da yawa ba yatsu ba ne, idon mutane ne. A tsarin zaman Hausawa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo. Ana son makaɗi a wurin biki, ana yi masa kyauta, amma gidaje da yawa ba sa son ɗansu ya zama shi. Goge da garaya kuma suna ɗauke da wani ƙarin nauyi saboda daɗewar da suka yi a fagen bori da wuraren shagalin dare, abin da ya sa malamai da dama suka yi suka a kansu tun kafin zuwan Turawa. Maganar hukuncin kayan kiɗa tsohuwar mas'ala ce da malamai suka tattauna, kuma kowa na da malamin da yake komawa gare shi.

Duk da haka, tarihi ya nuna cewa abin da ake faɗa da kiɗan yana sauya yadda ake kallonsa. Ɗanmaraya ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa, ya yi gargaɗi kan zaman aure da zaman tare, har ya zama abin alfaharin ƙasa. Kuma ba duk mai taɓa tsirkiya ne maroƙi ba ko a da can. Maharbi na iya kaɗa garayarsa a cikin 'yan uwansa, saurayi na iya kaɗa gurmi a dandali ba don a ba shi ko anini ba. Mai koyo don sha'awa a yau ba sabon abu ya ƙirƙiro ba, wannan tsohon gurbin ya koma.

Darasi daga Nijar da Amurka

Labarin Malam Mamman Barka na Jamhuriyar Nijar ya isa misali. Malamin makaranta ne wanda ya yi suna da gurmi, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasarsa. Da girmansa, bayan ya riga ya shahara, ya samu tallafin hukumar UNESCO a 2002 ya tafi yankin Tafkin Chadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale na masunta 'yan ƙabilar Buduma. Ya zauna a gabansa a matsayin ɗalibi har ya iya. Bayan rasuwar malamin nasa, shi ne ya fita da biram zuwa ƙasashen duniya kafin shi ma ya rasu a 2018. Da girman kai ya hana shi komawa ɗan koyo, da wataƙila biram ya bi mai shi kabari. Nijar kuma tana da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, inda ake adana kayan gargajiya ana kuma koyar da su.

A Amurka ma akwai abin lura. Tsohon kiɗan ƙauye na yankin tsaunukan Afalashiya ya dogara ne a kan gogen Turawa da banjo. Shi banjo asalinsa daga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne, kuma na farkonsa da duma da fata aka yi shi, kamar dai gurmi. Abin da ya raya wannan kiɗa har yau ba 'yan kasuwar waƙa ba ne. Malaman makaranta ne da ma'aikata da manoma da ke haɗuwa a gida ko a wurin taro, su zauna da'ira, su kaɗa tsofaffin waƙoƙi da ka, sabon shiga yana bin na gaba da shi da kunne. A irin wannan zama ba abin mamaki ba ne mai jita ya koma banjo, mai banjo ya koma goge.

Abin da ake gudun rasawa

Tun daga shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyano ya zama ginshiƙin waƙar zamani. Dalilin a fili yake: mutum ɗaya da na'ura ɗaya na yin aikin mutum shida, kuma mai biki ya rage kashe kuɗi. Sakamakon haka, 'ya'yan makaɗa da yawa sun kama wasu sana'o'in, hanyar gado kuma ta ƙuntata.

Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarki da Gidan Ɗan Hausa suna adana kayan tarihi da na al'ada, gidajen rediyo irin su Rediyon Tarayya na Kaduna da Rediyon Kano kuma sun naɗi muryoyin makaɗa masu yawa. Wannan aiki ne mai daraja, amma gogen da ke cikin gilashi ba ya koya wa kowa yadda ake riƙe baka, kaset kuma ba ya cewa ɗalibi ya sassauta yatsa. Ilimin yana jikin mutane ne, yawancinsu kuma sun manyanta.

Hanyar da ta rage a buɗe take, kuma ba ta da tsada. Mutum huɗu ko biyar da ke da sha'awa na iya neman wani tsohon makaɗi a unguwarsu, su yi masa ihsanin da ya dace da lokacinsa da iliminsa, su sa rana ɗaya a mako. Su fara da amshi da ƙwarya kamar yadda aka saba, su naɗi darasin a waya da izininsa domin bita a gida, kowa kuma ya yarda zai zagaya ya taɓa abin kiɗan da bai iya ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da sassan nazarin Hausa na manyan makarantu na iya sauƙaƙa lamarin da ba da wuri da haɗa ɗalibai da gwanaye.

Ba lallai ne ɗaya daga cikin irin waɗannan ɗalibai ya zama Ahmadu Doka ko Haruna Uji ba, kuma ba wannan ne abin nema ba. Abin nema shi ne a samu isassun hannaye da kunnuwa a cikin birni, yadda yaron da Allah Ya ba baiwar zai tashi ya tarar da wanda zai miƙa masa kukuma, ya kuma nuna masa inda ake ɗora yatsa. Gemu dai ba ya hana ilimi.